Ɗakin Wayar Dada

Surukata ba ta ji sosai. Dada muke ce mata, mu da yara da maƙwabta duka, kuma tun kafin a kawo ni gidan nan na unguwar Shamaki a Gombe kunnenta ya fara nauyi. Da tsufa ya ƙaru sai ya zama in za ka yi mata magana sai ka tsaya gabanta ta ga bakinka. Waya kuwa ba a ma zancenta. In aka kara mata a kunne sai ta yi shiru, ta yi shiru, sannan ta miƙo maka abarka ta ce ƙuda ne ya shiga kwalba. An taɓa sayo mata ɗan abin nan na asibiti da ake maƙalawa a kunne. Yini ɗaya ta sa shi ta ce fito yake mata kamar mai kiwo, ta naɗe shi a ƙyalle ta tura ƙasan akwati.

'Ya'yanta maza biyu ne suka rayu. Maigidana shi ne ɗan fari, don haka akwai kunyar nan ta Fulani a tsakaninsu. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana son abu sai ta ce mini, "Ki gaya wa mai gidan nan," ko da yana tsaye a bakin ƙofa yana ji. Shi ma ta bakina yake mayar da amsa. Na daɗe ina kai saƙo tsakanin mutum biyu da ke tsakar gida ɗaya, kuma ban taɓa gajiya ba, don ni dama magana ba ta yi mini wuya.

Autanta kuwa babu wannan. Shi ne mai zama gefen gadonta yana cin gyaɗarta, tana zaginsa yana dariya. Malamin asibiti ne. Aiki ya kai shi wani gari can cikin Borno tun ana zaman lafiya. Da abin ya ɓaci abokan aikinsa suka yi ta zamewa ɗaya bayan ɗaya, shi ya ce in ya taho wa zai yi wa mutanen allura. Hanya ta zama ba a binta sai da rakiya. Aka ƙona turakun sabis na yankin, sai ya zama mu ba ma iya samunsa, shi ne yake samun mu, in ya hau saman tankin ruwan asibiti ya ɗaga 'yar wayarsa kuma ya yi sa'a. Wani lokaci ya kira a kai a kai, wani lokaci a ji shiru har mu fara kallon juna.

Cikin wannan hali maigidana ya sayi motar. Wake da masara yake saye yana sayarwa a kasuwar hatsi, kuma ya daɗe yana kwaɗayin irin motar nan. Daga wurin dilan motoci a Abuja ya ɗauko ta, baƙa wul, sabuwa dal, kujerunta na ƙamshin fata. A gaba akwai allo kamar ƙaramin talabijin, shi ke kunna rediyo, shi ke nuna bayanka in za ka yi baya, shi ke karɓar waya. Sai dai lokacin bai yi wa motar daɗi ba. Babbar mota tana jawo ido, kuma a shekarun nan ba mai son ido. Sai ya ci gaba da zuwa kasuwa da tsohuwar akori-kurarsa, ita kuma ya gina mata rumfa a tsakar gida, kusa da inda nake shanya. Ranar Juma'a a wanke ta, a ɗan zaga da ita, a dawo.

Wata rana za mu suna a unguwar Dawaki, ya ce a tafi da sabuwar. Babbar 'yata ta riga ta haɗa wayata da allon don mu riƙa jin karatu. Dada na baya tana gyangyaɗi, gilasai a rufe, sanyi na kaɗawa, sai ga kiran Auta. Maigidana ya taɓa allon. Muryar ta fito ta ƙofofi, ta ƙasan kujera, ta bayan kai, ta ko'ina.

"Matar yaya, kin ƙona tuwon yau ko sai anjima?"

Kafin in rama, Dada ta miƙe zaune. Ta duba dama, ta duba hagu, ta leƙa bayan kujera.

"Wa ya shigo da shi?"

Ta ji shi. Kowace kalma ta ji. Ranar har muka kai Dawaki muka tsaya ƙofar gidan suna ba wanda ya fita, tana ta yi masa faɗa a kan aure da ƙin cin abinci. Daga baya ta ce mini ba da kunne take jinsa ba, ta haƙarƙari yake shiga mata.

Daga nan mota ta samu aiki. Maigidana ya bar mini makulli. Da wayata ta yi ƙara na ga Auta ne, sai in ce masa riƙe, in aje muciya, in ruga in danna maɓallin tayar da mota, in kamo hannun Dada in zaunar da ita baya, in rufe ƙofa. Motar da kanta take fizge kiran daga wayar. Ni kuma in koma kan tukunyata ina hango ta cikin gilashi tana nuna rufin mota da yatsa kamar yana zaune a can. Yara suka sa wa motar suna ɗakin wayar Dada. Maigidana ya ji haushin sunan da farko, daga baya shi ma haka yake cewa.

Ana nan sai wata safiya na tayar da motar, allon ya kawo tambarinsa, ya fara 'yar waƙar nan da yake yi in an kunna shi, ya yanke a tsakiya, ya mutu. Ya sake kawowa, ya sake yankewa a daidai wurin. Haka ya yi ta yi. Babu rediyo, babu hoton baya, babu waya. Amma inji lafiya lau, sanyi lafiya lau.

Maigidana ya kira dilan. Suka ce sun san da matsalar, ba tamu kaɗai ba ce, duk irin motar haka take yi. Ba wani ƙarfe ne ya lalace ba, wai karatun da ke cikin ƙwaƙwalwar allon ne ya rikice, kuma kamfani zai aiko da sabo daga ƙasar waje a ɗora mata. Afdet suke ce masa. Yaushe? Nan ba da daɗewa ba. Mu yi haƙuri, kar kuma mu bari kowa ya buɗe ta, in ba haka ba babu ruwansu da garanti.

Na ce masa, "Alhaji, ga masu wayarin mota nan birjik a garin nan."

Ya ce, "Su zare mini allo su sa na keke? A'a. An ce a jira, a jira."

Shi abin da ya rasa rediyo ne. Dada kuwa ɗa ta rasa.

Kiran farko bayan lalacewar, na kara mata wayar a kunne ta ture. Na tsaya gabanta ina maimaita mata abin da yake faɗa. To ni Allah ya ba ni kunne, in na ji mutum sau biyu sai in ɗauko muryarsa har da yadda yake jan numfashi. Don in faranta mata sai na riƙa yi da muryar Auta, ina ɗage gira yadda yake yi. Ta yi dariya ranar. Kira na biyu ba ta yi dariya ba. Ta zuba mini ido har na gama, sannan ta ce, "Ke dama kin iya kowa. Jiya na gan ki kina yi wa yara kwaikwayon mai kifi."

Na ce, "Dada, wallahi shi ne a waya."

Ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin ya fi mini zagi ciwo. Ranar Juma'a da aka fitar da motar aka zaga aka dawo, tana zaune bakin ƙofarta tana kallo. Da na kai mata fura ta riƙe hannuna.

"Kun ce ta lalace."

"Ta lalace, Dada."

"Abin da ya lalace yana tafiya? Ga ta ta fita da ƙafarta ta dawo da ƙafarta."

Na yi bayani har bakina ya bushe, na nuna mata allon yana mutuwa yana tashi. Ta ce ita ba ta san wannan ba. Abin da ta sani, lokacin da ɗan ƙanwarta ya rasu a hanyar kiwo, ita ce ta zauna da uwar tana ce mata yana lafiya, yana gaishe ta, har sai da manya suka taru aka faɗa mata. "Na san yadda ake yi," in ji ta. "Ni ma na yi wa wata. Fuskar da kike yi mini ita na yi."

Kuma lokacin bai taimake ni ba. Garin kullum da labari. A ji ƙara daga wajen tasha, mata su fito tsakar gida suna salati, maza su taru a ƙofa suna magana ƙasa-ƙasa. Dada ba ta jin abin da ake cewa, bakuna kawai take gani suna motsi, da mun ga tana kallo kuma mu yi shiru don kar mu tayar mata da hankali. Ashe shirun ne yake tayar mata. Ta rage cin abinci. Furar da take shanyewa ta koma kurɓa biyu ta ture. Zanenta ya fara yi mata yawa.

Na ce wallahi ba zan zauna ina kallo ba.

Na fara da abin da ke kusa. Maƙwabciyarmu malamar firamare ce, mutuniyar Kaltungo, katanga ɗaya ta raba mu, kuma mijinta ke riƙe da kayan sautin cocinsu. Na leƙa ta katanga na ce, "Malama, ki ara mini bakin cocinku." Ta yi dariya har ta riƙe ciki, amma kafin la'asar ga lasifika an shigo da ita, da sharaɗin za ta koma ran Asabar. Aka aje ta ɗakin Dada aka haɗa da wayata. Da Auta ya kira, abin ya yi wata irin ƙara mai tsini da ta ratsa unguwa. Kafin in rage, na ji ana rufe ƙofofi, wani yana kiran 'ya'yansa da ƙarfi. Sai da maigidan Malama ya fita ya ba mutane haƙuri. Dada kuwa ta toshe kunnen da ba ya ji, ta ce wannan hayaniyar kasuwa ce, ba ɗanta ba. Na aro motar wani abokin maigidana mai irin allon, ta yini a gidanmu, Auta bai samu sabis ba, da magariba mai abu ya aiko a karɓa. Motar mutane ba a riƙe ta jiran kiran da ba a san ranarsa ba.

Sai na karɓi lambar dilan daga wayar maigidana.

Ni ban yi boko mai nisa ba, Turancina bai wuce gaisuwa ba. Na kira, wata ta ɗauka ta zubo Turanci, na bari ta gama na ce, "'Yar nan, kina jin Hausa?" Ta ce tana ji, a Jos ta tashi. Na ce alhamdu lillahi, zauna ki ji. Na ba ta labarin Dada tun daga kunne har fura. Ta ce, "Ayya, Hajiya, sannu. Amma bai iso ba tukuna."

Washegari na sake kira. Da na ɗora tukunyar safe sai in kira. Bai iso ba. Bai iso ba, Hajiya. Hajiya, na ce zan kira ki da kaina. In ce, "Na sani, 'yata, gaisuwa ce kawai na kira. Ya mai jikin?" Don na ji tari a bayanta wata rana ta ce ɗanta ne ta zo da shi ofis. Na gaya mata ta dafa masa citta da zuma. Tun tana amsa mini a gajarce har ta koma da ta ɗauka sai ta ce, "Maman Gombe, kin tashi lafiya? Ya Dada?" Maigidana ya ce zan sa su toshe lambarmu. Na ce su toshe, in kira da ta Malama.

Ofishinta a jikin garejin dilan yake, ina jin komai ta bayanta. Ƙarar guduma, masu aiki suna tsokanar juna, da kuma 'yar waƙar nan ta allo tana farawa tana yankewa, don motocin da ke da ciwon tamu suna nan a wurinsu. Na haddace inda take yankewa kamar sunana. Wata safiya muna cikin gaisawa sai na ji ta fara, ta wuce wurin, ta gangara ta sauka har ƙarshe.

Na ce, "Tsaya. Wannan ta kai ƙarshe."

"Me ya kai ƙarshe, Mama?"

"Motar da ke bayanki. Ta warke."

Ta fashe da dariya ta ce, "Kai, Maman Gombe, kunnenki ko na'ura!" Ta ce jiya da yamma ya iso, yau ake gwadawa, tana jira ne a tabbatar kafin ta faɗa mini. Sai dai akwai magana. Kamfani ya hana ma'aikatansa zuwa ɓangarenmu saboda halin da ake ciki. Sai dai mu kawo motar Abuja mu bi layi, ta kwana biyu a wurinsu. Ko kuma, in za mu iya, injiniyansu zai je Jos ran Laraba mai zuwa ya yi wa motocin can, ita za ta gaya masa ya saka tamu.

Na ce, "Za mu iya."

Na faɗa ne kafin in tambayi mai motar. Da ya dawo na tare shi da zancen tun bai cire takalmi ba. Ya ce kaka ce, wake na shigowa, in ya bar kasuwa yini guda wasu za su kwashe. Ya ce hanya duk shinge ne. Ya ce motar ba mai tuƙa masa ita, kuma shi ba zai samu sarari ba sai kaya sun lafa. Ya ce, "Tunda abin ya iso ai an gama. Ki ƙara lallashinta."

Ban yi musu ba. Akwai abin da na sani shi bai sani ba, don shi daga masallaci yake wucewa kasuwa. Washegari da asuba da ya dawo ɗaukar makullin da ya manta, na riƙe hannun rigarsa na ja shi bakin ƙofar Dada. Mai nauyin kunne ba ya sanin ƙarfin muryarsa, addu'arta a fili take yi. Ta yi wa iyayenta, ta yi wa mijinta, Allah ya jiƙansu ya haskaka kabarinsu. Sannan ta kira sunan Auta ta sa shi a layinsu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya yafe wa waɗanda suka ɓoye mata.

Maigidana ya tsaya kamar an dasa shi. Can ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "An kwana biyu."

Ya ce, "Ran Laraba kika ce?"

Na ce, "Da ni za a je. Da ita kuma."

Ya dube ni, don ya san ni. Ni ce ko kasuwa ban cika zuwa ba, tun da aka fara tashin abubuwa ma na daina gaba ɗaya, kuma mota in ta yi nisa cikina juyawa yake. Amma na san in aka tafi da motar aka dawo aka ce ta gyaru, Dada za ta ce wani sabon shiri ne. Gara ta gani da idonta. Da Auta ya samu kira kafin ranar, na ce masa, "Ran Laraba daga la'asar ka hau tankinka ka zauna. Ko rana za ta gasa ka kar ka sauko sai ka same mu." Ya ce, "Matar yaya, so kike in zama kilishi." Na ce, "Ka zama, uwarka ta ji muryar kilishi."

Muka fita da sassafe. Dada ta sa farin mayafinta na zuwa gaisuwar mutuwa. Ta zauna bayan maigidana daidai inda ba za su haɗa ido ta madubi ba. Ni ina gaba da lemon tsami a hannu ina shinshina. Kafin Bauchi ta taɓo kafaɗata ta ce, "Ki gaya wa direbanki ba tsere muke ba." Na gaya masa. Ya ce, "Ki ce mata an rage." Na juya na faɗa mata da baki buɗe. Haka muka yi ta yi. A kowane shinge a sauke gilasai, a ɓoye waya, a buɗe but, a wuce. Dokar kenan a lokacin, ba a waya a shinge, kowa ya sani.

A Jos muka samu injiniyan a harabar wani gareji, ga motoci irin tamu a jere kamar 'yan gida ɗaya. Mutum ne mai fara'a, ya ce, "Ku ne na Gombe? An yi mini kashedi a kanku." Ya ce kowa ya sauka. Dada ta ce ba inda za ta. Ya ce to ta zauna, amma kar a taɓa komai, kar a kashe inji. Ya soka wani ɗan abu kamar yatsa a ƙasan allon. Wani koren zare ya fito ya fara tafiya. Ban taɓa ganin abu mai nawa irinsa ba. Ya tafi ya tsaya, ya tafi ya tsaya. A wani wuri ya daɗe har na ce, "Malam, ya mutu ne?" Ya ce, "Tunani yake, Hajiya." Muka yi azahar bi da bi, zaren na nan yana rarrafe. Sannan allon ya yi duhu, ya kawo tambari, waƙar ta fara ta kai ƙarshe.

Ya sake haɗa wayata, ya koma gefe ya kira ni da tasa. Muryarsa ta cika motar. "Mama, ina wuni?"

Dada ta ɗago kai. "Lafiya lau. Wane ne?"

"Mai gyara ne, Mama."

"Sannu da aiki." Ta juyo gare ni. "To, mota ta yi magana. Saura shi."

Muka kamo hanya. La'asar ta yi mana a Bauchi, wayata shiru. Muka wuce Alkaleri, shiru. Na daina shinshina lemon, na riƙe wayar da hannu biyu har ta yi gumi. Rana ta yi ƙasa muka iso shingen shiga Gombe, layi ya yi tsawo, muka sauke gilasai, na tura wayar cikin jaka. Saura mota biyu a gabanmu sai allon ya haskaka, ƙararrawa ta tashi ta duk ƙofofin, har na motar gefe suka waiwayo.

Maigidana ya ce, "Kar ki taɓa. Mu wuce tukuna."

Na san sabis ɗin tankin nan. In ya tafi, ya tafi kenan. Na miƙa yatsa na danna.

"Matar yaya! Na gasu!"

Wani soja ya taho da sauri, matashi, bindiga a ƙirji. Hausarsa a karye take. "Waya! Wa yana waya?"

Na fitar da hannuwana biyu ta taga ya ga ba komai. Bakina kuwa bai tsaya ba. Na ce, "Ɗana, ba waya a hannun kowa, motar ce. Ka ga tsohuwar nan? Ɗanta ne, yana aikin asibiti a Borno. Ba ta ji sai a cikin motar nan, ta ɗauka ya mutu. Daga Jos muke saboda wannan kiran." Na waiwaya na ga Dada tana karkata kai tana lalube, don gilasai a buɗe suke, iska da ƙarar injuna sun cinye muryar. Na ce, "Kuma sai an rufe gilashi take ji. Don Allah."

Maigidana ya ce, "Inna lillahi," a hankali.

Sojan ya leƙa ya dubi Dada, ya dubi allon, ya dube ni. Auta na ta "Kuna ji na? Kuna ji na?" Sai ya nuna gefen buhunan yashi ya ce a matsa can. Ya ce wa maigidana, "Kai fito, buɗe but, tsaya da ni. Mama biyu zauna. Rufe."

Maigidana ya gyara motar ya fita ya bar inji na aiki. Na ja maɓallan, gilasai suka hau, duniya ta yi tsit.

Na ce, "Yi magana, ga ta."

Ya ce, "Dada."

Ta dafa kujera da tafin hannu biyu.

"Dada, ni ne. An ce kin daina shan fura. Wa kika bar wa?"

Sai ta kira sunansa, irin kiran da ake wa yaro in ya yi nisa da gida. Ya amsa. Ta sake kira, ya sake amsawa. Daga nan suka juya Fulatanci, wanda rabi nake ji, kuma ban yi ƙoƙarin jin sauran ba. Na juya fuskata waje. Ga maigidana can bayan mota, hannu a kan but, shi da sojan suna kallon titi kamar masu jiran wani. Muryar Dada ta fara da rawa, ta daidaita, can na ji ta hau faɗa. Ba a daɗe ba sabis ya ɗauke a tsakiyar maganarsa.

Ta zauna tana kallon rufin motar. Ta sa gefen mayafi ta goge fuska. Na sauke gilashi na yi wa sojan godiya, ya ɗaga hannu kawai ya koma bakin aikinsa. Maigidana ya shigo ya ja ƙofa, bai waiwaya ba, ya tambaye ni ƙasa-ƙasa, "Ta ji?"

Kafin in ba shi amsa Dada ta taɓo kafaɗata.

"Mura yake yi," ta ce. "Hancinsa a toshe, kuma duk cikinku ba wanda ya gaya mini. Ki ce wa mai gidan nan ya tsaya wurin masu kayan yaji kafin su tashi. A nemo mai zuwa can ya kai masa."

Na gaya masa. Ya ce in ce mata an ji.